Fasali a Kan Kukan Jika Bayan Rasuwar Kakansa

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, Allah Ya ƙara yarda ga shaihunanmu na silsila baki ɗaya.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, Allah Ya yi muku rahama, dalilin wannan fasali wani almajirinmu ne na ƙasar Doguwa, ta wajen Riruwai, wanda ya ɗauke ƙafa daga wazifa har wata biyu. Da na aika aka kira shi, ya durƙusa, na ce, "Ɗana, me ya tsare ka?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, kakana ne ya rasu. Shi ya riƙe ni tun mutuwar ubana, shi ya kai ni gaban muƙaddami. Kadan na ɗauki carbi sai in ji kamar muryarsa, kuka ya ci ƙarfina, in ajiye. Mutane kuma suna yi mini dariya, wai wa yake kukan tsohon da ya ci zamaninsa ya ci na wasu."

To, wannan magana ta mutane na san asalinta. Al'adarmu ce tsakanin jika da kaka wasa ne, har ran da tsoho ya cika jikoki sukan sa rigarsa, su ɗauki sandarsa, su kwaikwayi tafiyarsa, a ba su kuɗi ana raha. Ban zo yaƙi da wasan jika ba matuƙar bai kai ga saɓo ba. Amma mai cewa hawayen jika rashin tawakkali ne, lalle ya faɗi abin da bai sani ba.

Ku dubi Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifinsa ya rasu yana cikin ciki, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa'i yana ɗan shekara 6, sai kakansa Abdul Muɗɗalibi ya ɗauke shi. Ma'abuta sira sun ambata ana yi wa tsohon shimfiɗa a inuwar Ka'aba, babu wani cikin 'ya'yansa mai zama a kanta domin girmamawa, amma jikan ya zo ya hau, baffanninsa su tashi za su janye shi, kakan ya hana su, ya zaunar da shi kusa da shi yana shafa bayansa. Shekara 2 kaɗai aka yi a haka. Da ya rasu aka ɗauke shi zuwa Hajun, Ummu Aimana ta ba da labari ta ga yaron, yana ɗan shekara 8, yana bin makara yana kuka. Kada kuma wani ya ce ai yarinta ce. A shekara ta 10 bayan Hijira, da ɗansa Ibrahimu yake cikawa a hannunsa, idanunsa suka zubar da hawaye, har Abdurrahmani ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi wannan rahama ce. Abin da shari'a ta hana daban ne: kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da harshe ya furta abin da yake nuna ƙin hukuncin Ubangiji. Zaman makoki kwana 3 ne, sai matar mamaci mai takaba wata 4 da kwana 10. Amma begen zuciya ba a yanka masa kwanaki ba.

Ni da nake rubuta muku wannan, na ɗanɗana. Kakana malamin allo ne a Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma da ƙuruciyarsa ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja fataucin goro kamar yadda mutanen garin suka saba. Shi ya rubuta mini allona na fari da alƙalamin gamba. Ba ya kirana da sunana, sai dai ya ce ga ɓarawon matata ya zo, sa'an nan ya turo mini ragowar furarsa a ƙwarya. Ya rasu da damina, kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ina da gemu da iyali. Ran jana'iza ban yi hawaye ba ko ɗigo, har ana yaba mini haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, zuciyar ce ta daskare. Sai bayan kaka ta yi, an cire amfanin gona, ina tilawa da asuba cikin Suratu Yusufa, na iso wani madda da kullum nakan gajarta shi, shi kuma ya buga sandarsa a ƙasa daga cikin soro. Na gajarta, na saurara, sanda ba ta bugu ba. A nan na kifa kaina a kan buzu. Yau sama da shekara 50, ban ƙara gajarta maddan nan ba.

Sa'an nan akwai wani ciwo da yaron nan ya ɓoye, sai da na matsa masa. Ubansa ya riga kakan rasuwa, baffanninsa suna raye, saboda haka da aka zo rabon gado bai sami ko kunya ɗaya ba a gonar da ya yi shekaru yana nomewa. Ka sani ya kai muridi, hukuncin ke nan, ɗa namiji yana shamakance ɗan ɗa, kuma ba a jayayya da rabon Allah. Amma ina kira ga tsofaffi irina na Kiru da Tudun Wada da sauran ƙasarmu, wanda yake riƙe da jika maraya ya yi masa kyauta tun yana da lafiya, ya damƙa masa a gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya cikin sulusi, domin jikan da aka shamakance ba magaji ba ne, wasiyya ta halatta gare shi. Baffanni kuma su ji tsoron Allah, su ba shi wani abu da daɗin rai. Kuma kada a taɓa dukiyar marayu domin sadakar uku ko bakwai ko arba'in, wanda yake so ya yi, ya yi da abin hannunsa.

Amma maganar wuridi, a nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Ya zo wa yaron ta hanyar ƙauna, ya raba shi da abin da kakan ya fi so ya gan shi a kai. Lazimi alkawari ne ka ɗauka a ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya yi wafati a Fas a 1230 bayan Hijira: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Baƙin ciki ba ya sauke shi. Tun da bai bar shi da nufin saki ba, na umarce shi ya ƙidaya abin da ya kuɓuce masa ya rama sannu a hankali, zikirin Juma'a ne kaɗai ba shi da ramuwa. Na ce masa kadan kuka ya zo maka a tsakiyar hailala, kada ka ajiye carbi, bar hawaye ya sauka a kansa, ka ci gaba da ƙidaya. Kadan ka idar, ka ɗaga hannu ka roƙa wa tsohon gafara da sunansa, domin ya inganta daga Annabi cewa addu'ar zuriya ta gari tana cikin abubuwa 3 da ba su yankewa ga mamaci, tare da sadaka mai gudana da ilmi mai amfani. Ka ziyarci kabarinsa ka yi sallama ka yi addu'a, wannan ba ita ce ziyarar neman madadi wurin wasu waliyyai da aka hana mu ba. Ka nemi abokansa da suka rage ka gaishe su, ko da goro ɗaya ne, kamar yadda Abdullahi ɗan Umaru ya ba wani baƙauye jakinsa da rawaninsa domin uban mutumin masoyin Sayyidina Umaru ne.

Yaron ya komo sahu ran Juma'ar da ta biyo. Na gan shi a ƙarshen da'ira, yana riƙe da wani tsohon carbi wanda zarensa ya sha ɗauri, babban baffansa ne ya ba shi.

Ya Allah Ka jiƙan kakansa da kakana da magabatanmu, Ka yi daɗin tsira ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa. Tammat.