Yadda Ake Zaɓar Kayan Sawa Kafin a Je Ɗaukar Hoto

Wani ƙanena ya ɗinka farar shadda saboda hoton kammala karatunsa a Gusau. An kai ta bugu, ta dawo tana ɗaukar ido. Da rana tsaka aka ɗauke shi. Da aka wanko hoton, sai ga riga fes, fuska kuwa ta yi duhu, da ƙyar ake gane idanunsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin hoton da Inna za ta rataya a ɗaki ke nan. Kyamara tana auna hasken abin da ke gabanta ne. Idan fari ya yi mata yawa sai ta rage hasken gaba ɗaya, fuska ta dushe. Idan kuma mai hoto ya ƙara haske don fuska, aikin wuyan rigar ya ɓace. Fuskarka ake son gani, saboda haka duk abin da za ka sa, ita za ka yi wa hidima.

Da farko ka san hoton mene ne. Idan na fasfo ne, ko na takardun aikin hajji, ko na katin makaranta, yawanci farin bango ake sawa a baya, don haka kada ka je da fararen kaya. Mace ta sa hijabi mai duhun launi, ta gyara shi yadda fuska za ta fito tun daga goshi har haɓa. Wannan ba ya buƙatar dogon shiri.

Hoton ajiya shi ne mai aiki. Ka je shagon mai hoto tun kafin ranar, ko a Tudun Wada yake ko a Sabon Gari, ka ce, "Malam, nuna mini labulen da za ka sa mini a baya." Idan labulen shuɗi ne, shuɗiyar riga za ta narke a cikinsa. Masu son hoton waje, kamar a gindin Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu idan hanya na lafiya, su tuna da lokaci. Da damina ko'ina kore ne, ruwan goro da ruwan madara suna fitowa da kyau. Da hunturu hazo yakan mayar da komai ruwan ƙasa, sai a nemi launi mai ƙarfi irin shuɗi mai duhu.

Sai zane. A nan mata suka fi faɗawa tarko, don atamfar da ta burge a kasuwa ba lalle ta burge a hoto ba. Abu ɗaya za ki bari ya yi magana. Idan atamfar mai manyan furanni ce, mayafin ya zama launi guda, sarƙa ƙarama. Idan leshi ne mai duwatsu, ki sani fitilar kyamara za ta haska kowane dutse, ido ya bar fuskarki ya bi ƙyalƙyali. Yadi mai siraran layuka, da saƙi mai ƙananan ido, sukan fito da wani zane kamar igiyar ruwa a hoto, wanda babu shi a jikin kayan. Ni ina ba da shawarar a bar su gida.

Maza, shadda ruwan toka, ko ruwan sararin samaniya, ko ruwan madara ta fi fara fat sauƙi. Gezna, wadda kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya ke saƙawa, sheƙinta ne kuɗinta, amma sheƙin nan yana mayar da haske, saboda haka a inuwa ake ɗaukar ta. Idan daga Tsafe za ka taso, kada ka zauna a kan babbar riga cikin mota har Gusau. Ka riƙo ta a ninke, ka sa a shagon. Hular ma kada ka danno ta har gira, ka bar goshi ya samu haske. Haka ɗaurin ɗankwali ga mata: idan ya rinjayo gaba, inuwa zai yi wa idanu.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne gwaji. Kwana biyu kafin ranar, ka sa kayan duka, ka ba wani a gida waya ya ɗauke ka a daidai lokacin da za a yi na gaske. Ka duba kafaɗa ko ta zauna, ka duba ko singileti ta leƙo ta wuya, ko tabarau na walƙiya. Idan akwai gyara, tela yana da sauran lokaci.

Hoton iyali ba dole sai anko ba. A zaɓi launi biyu masu jituwa kowa ya shigo ciki, a bar wa Baba ko Hajiya kayan da suka fi nauyi tunda su ne a tsakiya.

Ran ɗaukar, ka shafa mai kaɗan, musamman a leɓe idan hunturu ne. Idan ya yi yawa, goshi zai yi ƙyalli. Ka tafi da kaya kala biyu. Idan a waje ne, ku yi alƙawari da mai hoto da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi.