Darasi: Allon haruffa da makaho mai koyon bugu

Yara, a biro da gidan waya kuna ganin ma'aikata suna buga takardu da kwamfuta. Kafin zuwan kwamfuta, da keken rubutu ake bugawa. Dukansu biyu suna da allon haruffa. Kowane harafi yana da maɓallinsa. Amma jerin haruffan ba iri ɗaya ba ne a dukan ƙasashe.

Jeri uku

Wani mutumin Amurka mai suna Christopher Sholes ya ƙera keken rubutu. Kamfanin Remington ya fara sayar da shi a shekarar 1874. Daga wannan keke aka samo jerin da ake kira QWERTY. Sunan ya fito daga haruffa shida na farkon layin sama. Da shi ake aiki a Amurka da Ingila da Najeriya.

A Faransa an sāke jerin. Ana kiransa AZERTY. Shi ne muka fi gani a Nijar, saboda faransanci ne harshen aikin biro. A Jamus kuwa QWERTZ ake kiransa, domin Z da Y sun yi musanyar wuri.

Ga bambancin AZERTY da QWERTY. A da Q sun yi musanya. Z da W su ma haka. A allon AZERTY, M yana dama da L. A allon QWERTY, M yana layin ƙasa, kusa da N. Akwai kuma é, è, ç da à a can sama a allon Faransa. Wanda yake son lamba a wannan layi, sai ya haɗa da maɓallin manyan haruffa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikin ko ɗaya. Sai an ƙara wa na'ura tsari na musamman.

Yadda makaho yake koyo

Makafi suna karatu da rubutun Braille. Louis Braille, makaho ɗan Faransa, ya fitar da shi a 1829. Ɗigo shida ake sarrafawa, ana shafawa da yatsa. Amma mutane da yawa masu gani ba su iya karanta shi ba. Idan makaho ya iya bugu, zai rubuta wasiƙa kowa ya karanta. Zai iya yin jarrabawa, ya kuma nemi aiki.

Makaho ba ya ganin harafin da ke kan maɓalli. Wuri yake riƙewa a ka. Ku shafa F da J, za ku ji ɗan tudu a kansu. Nan yake ɗora manunin hagu da manunin dama. Sauran yatsu su jeru a gefe. A allon AZERTY, hagu tana kan Q, S, D, F, dama tana kan J, K, L, M. Babban yatsa yana buga tazara. Kowane yatsa ya je ya bugi harafinsa, ya komo mazauninsa.

Akwai manhajoji masu magana da ke koyar da bugu. Muryar ta ce: «Buga F.» Idan ɗalibi ya buga daidai, ta ba shi wani harafi. Idan ya kuskure, ta faɗa masa. Daga haruffa a tafi kalmomi, daga kalmomi a tafi jimloli. Akwai kuma manhajar da ke karanta abin da ke kan gilashin kwamfuta. Ɗaya daga cikinsu ita ce NVDA. An fara ta a Ostireliya a 2006, kuma kyauta ce.

Inda matsala take

A ce wata yarinya makauniya ta koyi AZERTY a Maraɗi. Ta je Katsina, an ba ta QWERTY. Tana son ta rubuta «zaki». Yatsunta sun je inda suka saba. Abin da zai fito shi ne «wqki». Mai gani zai duba allo ya gyara. Ita kuwa sai murya ta gaya mata.

Haka kuma, idan manhajar koyo ta QWERTY ce, allon kuwa AZERTY ne, darasi zai rikice. Za a ce A yana ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, alhali Q ne a wurin. Don haka malami ya fara duba jerin kafin ya zaɓi manhaja.

Maganin yana da sauƙi. Ana iya sauya jerin daga cikin kwamfuta. Zanen da ke kan maɓalli ba ya canzawa, amma harafin da ke fita yana canzawa. Yarinyar tana iya roƙon a mayar mata da AZERTY, ta ci gaba da aikinta.

Tambayoyi

1. Daga ina sunan AZERTY ya fito?
2. Mene ne amfanin tudun da ke kan F da J?
3. Idan yarinyar ta so rubuta «wake» a Katsina, me zai fito?

Aiki

Ku zana layin tsakiya na AZERTY a kan kwali. Ku rufe ido. Abokinku ya kira harafi, ku taɓa shi da yatsan da ya dace.