Darasin Kimiyya: Yadda Laka Ta Adana Kwalekwalen Dufuna

Ɗalibai, ku leƙa ragowar ganuwar nan ta Ƙofar Na'isa. Kowace damina ruwa na zaftare ta, shi ya sa muke ɗaukar ruwa abokin gābar kayan tarihi. Darasin yau a kan inda ruwa ya zama mai gadi ne.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Ashe kwalekwale ne na maɗaci, tsawonsa ya haura mita 8. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994. Awon sinadarin kabon ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma ba a taɓa samun jirgin ruwa da ya girme shi a Afirka ba.

To me ya hana shi ruɓewa? Gara da ƙananan halittun da ke cin itace suna buƙatar iskar oksijin. Jiƙaƙƙiyar laka kuwa toshe iskar take yi, ruwa ya cike ƙofofin itacen, ya riƙe masa siffarsa. Haɗarin yana ranar fitarwa: da rana ta doke shi, ruwan ya tsere, sai ya motse ya tsattsage. Misali, jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a 1628 aka ɗago shi a 1961, shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma don ya maye gurbin ruwan.

Wannan haɗarin na cikin abin da ya sa yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005, ta fifita barin kayan da suka shekara 100 a ƙarƙashin ruwa a inda suke. A ganina, jiragen da suka nutse a gaɓar Legas da abin da ke kwance a ƙasan kududdufanmu duk hukuncinsu ɗaya: wanda ya gani ya sanar da hukumar gidajen tarihi, kada ya ciro.

Aikin gida: ku sami kara biyu. Ɗaya ku binne a kwalbar laka da ruwa ku rufe, ɗayan ku yar a ƙasa mai danshi bayan gida. Ƙarshen zango ku kawo mini duka biyun.