Tabon Tiyata: Yadda Filasta Ke Hana Shi Tasowa

Ya ku 'yan kasuwa da iyalan Kukuo, ku sani cire zaren ɗinki ba shi ne ƙarshen jinya ba. A watannin da ke biye ne tabo yakan kwanta ko ya taso.

Me ke sa tabo ya taso?

Jiki yana haɗe rauni da wani sinadari mai kama da zare, wanda likitoci ke kira kolajin. Idan fatar gefen ɗinki tana yawan jawuwa, sai jiki ya zuba shi fiye da kima, tabon ya yi tudu da tauri, yana ƙaiƙayi. Wani yakan tsaya iyakar raunin. Wani kuwa, mai suna kiloyid, yakan zarce ya ci lafiyayyar fata. Kiloyid ya fi samun baƙar fata, musamman 'yan shekara 10 zuwa 30, kuma yana bin jini. Ya fi fitowa a ƙirji, kafaɗa da kunne.

Aikin filasta

Filastar takarda tana riƙe fata don kada ta jawu. Ta silikon kuwa tana tsare damshin tabon har ya yi laushi.

1. Kada ku liƙa sai raunin ya rufe sarai, babu ruwa babu ɓawo, kuma ma'aikacin lafiya ya amince. Yawanci bayan kamar mako 2 ne.
2. Ku wanke wurin da sabulu, ku bari ya bushe. Kada ku shafa man kaɗe kafin liƙawa, domin filastar ba za ta kama ba.
3. Ta silikon ta zauna aƙalla awa 12 kullum, har wata 2 zuwa 3. Ana wanke ta a sake liƙawa.
4. A lokacin zafi, idan gumi ya jawo ƙuraje, ku cire ta har fatar ta huce.

Wadda aka yi wa aikin haihuwa ta dakata da ɗaukar kaya masu nauyi har mako 6, kada kuma ɗaurin zani ya riƙa gugar ɗinkin.

In tabon ya fara tasowa

Kada ku kai wa wanzami ya yanke, domin kiloyid yakan dawo fiye da da. Ku je Asibitin Koyarwa na Tamale da wuri, tun yana ƙarami, lokacin da allurar da ake yi a cikin tabo ta fi saurin kwantar da shi. Mai kiloyid a danginsa kuma ya gaya wa likita tun kafin a yi masa aiki.