Yadda ake zaɓen taya kafin a shiga filin tsere da motar gudu

A filayen tseren mota irin su Silverstone a Ingila, Kyalami a Afirka ta Kudu da Yas Marina a Abu Dhabi, akan ware ranakun da ake buɗe fili ga masu motocin kansu. Ba gasa ake yi ba, babu kofi. Ka biya kuɗi, a duba motarka, ka sa hular kwano, a sake ku rukuni-rukuni ku yi ta zagaye na kamar minti 20, sannan ku fito ku huta. A irin wannan gudu zafi shi ne babban abokin gabar taya. Don haka wadda za ka nema ita ce mai jure zafi daga zagayen farko har na ƙarshe, wadda kuma ta dace da ƙwarewarka.

Bari mu ɗauki Toyota GT86 misali, motar da ta fito a 2012, mai ja da ƙafar baya, wadda ta cika waɗannan filaye ita da 'yar'uwarta Subaru BRZ. Daga kamfani ta zo da taya 215/45R17 a kan wili mai faɗin inci 7.

Fara da karanta wannan rubutu na jikin taya. 215 faɗinta ne a milimita. 45 na nufin tsawon gefenta kashi 45 cikin 100 ne na faɗin. 17 girman wili ne a inci. Bayan su za ka ga wani abu kamar 87W. Lamba 87 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 545, W kuma tana jure gudun kilomita 270 a awa. V 240 ne, Y 300. Duk abin da za ka saya, kada waɗannan biyun su gaza na asali.

Sai nau'in roba, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Tayoyin da ake sayarwa a Amurka na ɗauke da wata lamba mai nuna daɗewarsu kafin su cinye. Ƙaramar lamba na nufin roba mai taushi, mai kama kwalta, mai saurin ƙarewa. Michelin Pilot Sport 4S tana kan 300. Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Falken Azenis RT660 da Hankook Ventus R-S4 duk suna kan 200. Toyo R888R tana kan 100. Kamfanin da ya yi taya shi ke ba ta lambar, shi ya sa tayoyi biyu masu 200 kan sha bamban ƙwarai. RE-71RS da A052 suna kamawa tun daga zagayen farko, su ba ka mafi kyawun lokaci, amma in suka yi zafi da yawa sai su fara santsi. R-S4 ba ta kai su kamu ba, sai dai halinta ɗaya ne daga safe har yamma, kuma tana daɗewa.

In wannan ne shigarka na farko ko na biyu, ka tsaya a kan mai 300, ko irin R-S4. Ina nanata wannan don yana da dalili. Tayar titi mai kyau tana yi maka gargaɗi: kafin ta saki za ta yi ƙara, sitiyari ya yi sauƙi a hannunka, ka ji bayan mota na neman zamewa a hankali, ka samu damar gyarawa. Taya mai tsananin kamu takan rufe kurakuranka, ta bar ka ka shiga kwana da gudun da hannunka bai saba da shi ba, ranar da ta saki kuwa lokacin gyara kaɗan ne. Tana kuma ƙara wa birki da ƙafafun mota wahala. Da rarrafe yaro kan tashi. Ka kuma tuna ruwan sama: masu ƙarancin zane ba sa korar ruwa yadda ya kamata, kuma da su za ka koma gida.

Yanzu girma. Abin da za ka kiyaye shi ne tsayin taya gaba ɗaya, domin da shi agogon gudu da na'urar ABS suke lissafi. Ga yadda ake yi. Kashi 45 na 215 ya kama milimita 96.75. Ninka biyu, sama da ƙasa, 193.5 ke nan. Inci 17 kuma milimita 431.8 ne. Jimla kusan 625. Gwada 245/40R17, girman da masu wannan mota suka fi komawa: kashi 40 na 245 ya ba da 98, sau biyu 196, a haɗa da 431.8 ya zama kusan 628. Bambancin milimita 3 ne kacal, alhali faɗi ya ƙaru da milimita 30. In ka zaɓi 225/45R17 za ka samu 634, ya ɗan fi tsayi amma yana cikin iyaka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100.

Faɗin taya kuwa wili ne ke yanke shi. Kada ka cusa 245 a wilin inci 7. Gefenta zai tanƙwaro ciki, tsakiya ya kumburo, ta riƙa lanƙwashewa a kwana, ka biya kuɗin faɗin da ba ya taɓa ƙasa. Tana son wili daga inci 8 zuwa 9.5. In ba ka da kuɗin sabon wili, 225 a kan na asali ya ishe ka. In za ka saya, tabbatar ramukan notinsa 5x100 ne, kuma ka gwada guda ɗaya kafin ka biya na huɗu: ɗaura shi, juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, zura yatsa tsakanin taya da shokozoba, sannan ka leƙa bakin madgad. Tazarar da ta ishe ka a gareji tana raguwa sa'ad da mota ta kwanta a kwana.

Tsakanin inci 17 da 18, in birkinka ya shiga, ɗauki 17. Ya fi araha, ya fi sauƙin nauyi, kuma gefen taya mai tsawo ya fi shanye dukan dakalin kwana. Sa girma ɗaya a ƙafafu huɗu don ka riƙa musanya gaba da baya. Motar da aka ƙera da baya mai faɗi, kamar Porsche 911, ita a bar ta a kan tsarinta.

Kafin mai faci ya ɗaura, duba shekarun taya. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2423 na nufin mako na 24 na 2023. Roba na taurara da shekaru ko da zanenta cike yake. Tayar gwanjo da wadda aka yi wa faci a gefe ba su da wurin zama a filin tsere.

A ranar, tafi da gejin iska naka, famfo, alli da sifanar auna ƙarfin ɗauri. Notin wilin GT86 ana ɗaure shi a Nm 120, kuma ana dubawa ne wili na sanyi. Takardar jikin ƙofa ta ce psi 35, amma wannan na titi ne. A fili iska na faɗaɗa da zafi, tana iya hawa da psi 6 ko fiye. Fara daga kamar 28 zuwa 30, ka yi zagaye biyu a hankali taya ta ɗumama, sannan ka ƙara wuta. Da ka fito, auna nan take kafin ta huce. Galibin waɗannan tayoyi sun fi aiki a tsakanin 32 da 36 da zafinsu, amma nemi adadin da kamfanin taka ya bayar. Abin da ya haura ka sace shi.

Allin kuma ga amfaninsa: ja layi uku daga kan zane zuwa gefen kowace taya. In ka dawo ka tarar ya goge har ya gangara gefe, taya na kwanciya da yawa. Ƙara iska kaɗan. In hakan bai magance ba, matsalar saitin ƙafa ce: tayoyin gaba na buƙatar kansu ya ɗan karkata ciki, kamar digiri 2 zuwa 3, in ba haka ba kafaɗar waje za ta cinye tun sauran taya na sabo. Shafa tafin hannunka a kan robar in ta huce. In ka ji ta yi kaushi, gutsattsari na ɓarewa, ta sha zafi fiye da ƙima, sai ka rage tsawon zagayenka ko ka riƙa saka zagayen hutu a tsakani.

Da yamma, bar tayoyin su huce sosai, ka duba ko akwai kumburi, tsagewa ko waya da ta leƙo, ka mayar da iska zuwa 35 kafin ka hau titi. Rubuta adadin iskar da ya yi maka daidai da yanayin zafin ranar, daga nan za ka fara a zuwa na gaba.