Darasi Na 14: Goro, Shayi Da Mace Mai Ciki

Jama'a, a darasin da ya wuce mun karanta yadda sauro ke kawo zazzaɓi. Yau kuma za mu yi magana a kan abin da ke cikin aljihun kusan kowa a ajin nan, watau goro. Za mu haɗa da shayi da gahawa, domin tafiyarsu ɗaya ce. Darasin na mata masu ciki ne, amma maza su kasa kunne ƙwarai, gama su ne masu sayo goron.

Goro Abin Girma Ne

Ba mu zo mu zagi goro ba. Da shi a ke neman aure, da shi a ke ɗaura shi. Ran suna shi a ke rabawa. In baƙo ya sauka, goro a ke miƙa masa. Kakanninmu fatake sun yi ta tafiya wata da watanni da jakuna zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, domin su sayo shi. Har lemon nan Coca-Cola, wanda wani mai haɗa magani, John Pemberton, ya fara yi a birnin Atlanta na Amurka a 1886, rabin sunansa daga sunan goro ne a bakin Turawa.

To, me ya sa mutum ya kan ji barci ya gudu in ya ci goro? Me ya sa gajiya ta kan sake shi, yunwa ta lafa? Akwai wani abu a cikin goron da ke yin wannan aiki. Sunansa kafeyin. A lura da rubutun, kada a rikita shi da "kafin" na "kafin gobe". Wani masani Bajamushe mai suna Runge shi ya fara tace shi daga 'ya'yan gahawa a 1819. In an tace shi, farin gari ne mai ɗaci. Yana cikin goro, da ganyen shayi, da gahawa wadda wasu ke kira kofi, da cakulan, da lemon kwalba baƙi, da lemon ƙara kuzari na gwangwani, har da waɗansu ƙwayoyin ciwon kai.

Ina Ya Ke Zuwa In An Ci?

In mutum ya tauna goro ya haɗiye ruwansa, kafeyin ya kan bi hanji ya shiga jini. Kafin awa guda ya zaga jiki duka. Ya kan taɓa ƙwaƙwalwa ya hana ta jin barci. Ya kan sa zuciya ta ƙara bugawa, ya sa yawan fitsari.

Hanta ce mai aikin kashe ƙarfinsa. A jikin babban mutum lafiyayye, hanta ta kan kawar da rabinsa cikin awa 5 ko kusa da haka. Ga misali. Maigida ya sha awo 200 da ƙarfe 8 na safe. Da ƙarfe 1 na rana saura 100 a jininsa. Da ƙarfe 6 na yamma saura 50. Kafin ya kwanta ya kusa rabuwa da shi.

Mace mai ciki ba haka ta ke ba. Ciki ya kan sa hantarta ta yi sanyin wannan aiki. In ciki ya tsufa, rabin da a ke kawarwa cikin awa 5 sai ya ɗauki wajen awa 15. Ta sha awo 200 tare da maigida da ƙarfe 8 na safe, amma har ƙarfe 11 na dare akwai sauran 100 a jininta. Gari ya waye, ta ƙara wani a kan na jiya. Haka ya ke taruwa.

Wanda Ke Ciki Shi Ma Ya Ci

Ga inda maganar ta ke. Ɗan da ke cikin mahaifa ba ya cin tuwo, ba ya shan fura. Abincinsa daga jinin uwarsa ya ke zuwa, ta mabiyiya, ya bi igiyar cibiya. Mabiyiya ta kan tare waɗansu abubuwa, amma ba ta tare kafeyin. Ya kan wuce kamar ruwa a rariya. Saboda haka goron da uwa ta ci, mutum biyu su ka ci shi.

Uwa tana da hanta ƙosasshiya. Hantar ɗan ba ta nuna ba tukuna, ba ta iya kashe ƙarfin kafeyin. Sai ya zauna da shi har jinin uwarsa ya kwashe. Ko bayan haihuwa, jariri sabon haihuwa ya kan yi kwana uku ko huɗu kafin ya rabu da rabin abin da ya shiga jikinsa.

Likitoci a ƙasashe da yawa sun bi labarin mata masu ciki, suna rubuta abin da su ke sha da yadda haihuwarsu ta kasance. Sun ga matan da ke shan kafeyin da yawa kullum sun fi sauran yin ɓarin ciki, sun kuma fi haihuwar jariri mara nauyi. Jariri mara nauyi shi ne wanda bai kai kilo biyu da rabi ba ran haihuwa. Irin wannan jariri sanyi ya fi kama shi, tsotson nono ya fi yi masa wuya, ciwo kuma ya fi saurin kayar da shi.

Amma a ji mu da kyau. Ba mu ce duk wadda ta yi ɓari goro ne ya jawo ba. Zazzaɓin sauro, da ƙarancin jini, da aikin wahala, da waɗansu cututtuka, duk suna kawo haka. Sau da yawa kuma ba laifin kowa ba ne. Kada wani ya koma gida ya ɗora wa matarsa laifin abin da ya riga ya wuce. Abin da mu ke cewa shi ne, a cikin hatsarin da ke kan mai ciki, wannan guda yana hannunmu, kuma rage shi ba ya cin ko kwabo.

Nawa Ne Ya Yi Yawa?

Da miligiram a ke auna kafeyin. Miligiram 1,000 su ne giram guda. Giram 1,000 su ne kilo guda.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa mace mai ciki da ke shan fiye da miligiram 300 a rana ta rage. Hukumar kula da abinci ta Ingila tun 2008 ta sa iyaka a 200. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ita ma a 2010 ta tsaya a kan 200. Mu a wannan darasi 200 za mu riƙe, domin ya fi nisa da hatsari.

Miligiram 200 abu ne ɗan ƙanƙane. Ƙaramin dunƙulen Maggi giram 4 ne. In ka raba shi kashi 20, kashi guda shi ne nauyin miligiram 200.

Ga kimanin abin da ke cikin abubuwan da mu ka saba da su:

Babban kofin shayi: 75
Babban kofin gahawa ta gari, irin ta mai shayi: 100
Gwangwanin lemo baƙi: 40
Ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari: 80
Ƙwayar Panadol Extra guda: 65

Goro fa? Goro ba girmansa ɗaya ba, ba ƙarfinsa ɗaya ba. A busasshen goro, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kafeyin ne. Watau giram 10 na busasshen goro sun kai miligiram 200. Babban goro guda yana iya kai kofin gahawa, ko ma ya fi. Domin sauƙin lissafi, a ajin nan mu sa wa goro guda 100, mu kuma tuna babba ya kan wuce haka.

Shayi ma haka. In an bar ganye ya daɗe a ruwan zafi, ƙarfinsa ya kan ƙaru. Shayin buta da a ke dafawa a kan gawayi, a sha na fari, na biyu, na uku, kofinsa ƙarami ne, amma na farin nan yana da ƙarfi ƙwarai.

Mu Yi Lissafi

Mu ɗauki misalin wata mata mai cikin wata bakwai. Da safe ta sha shayi kofi guda, 75. Da hantsi miyau ya dame ta, ta ci goro guda, 100. Da azahar aka je gidan biki, aka ba ta lemo baƙi, 40. Da la'asar uwar miji ta miƙo mata goro, ta ji kunyar ƙi, 100. Da dare maigida ya aiko da shayi, 75. A tara: 75 da 100 da 40 da 100 da 75, sun zama 390. In kanta ya yi ciwo ta sha ƙwayar nan guda biyu, a ƙara 130, sun zama 520.

Kun gani? Ba ta yi wani abin mamaki ba. Yini ne irin na kowa. Amma ta ninka iyaka har fiye da sau biyu, ba ta sani ba.

Shayi Da Ƙarancin Jini

Akwai wata magana kuma. Mai ciki tana bukatar ƙarin jini, jini kuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda a ke samu a nama, da hanta, da wake, da ganye irin su zogale da alayyafo. Shi ne kuma ke cikin ƙwayar ƙarin jini da a ke bayarwa wurin awo. A ganyen shayi da gahawa akwai wani abu mai bauri da ke kama sinadarin ƙarfe a hanji ya hana shi shiga jiki. Saboda haka kada mai ciki ta haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shayi. Ta sha da ruwa. In za ta sha shayi, ta bar awa guda ko fiye tsakaninsa da abinci.

Tambayar Wani Dattijo

Da mu ka yi wannan magana a wani aji, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, iyayenmu sun ci goro har haƙoransu su ka yi ja, ga mu kuwa sun haife mu lafiya." Ajin duk aka yi dariya.

Mu ka ce, "Gaskiyarka, Baba. Amma mu da ke zaune nan, mu ne waɗanda su ka rayu. Kowa ya tambayi mahaifiyarsa ciki nawa ta yi, 'ya'ya nawa su ka tsaya." Ajin ya yi tsit. Mu ka ƙara da cewa ba goro kaɗai ya jawo wannan ba, abubuwa ne da yawa. Sai dai a da ba a san awo ba, yanzu an sani. Kuma kakarmu goro kawai ta sani. Jikarta ga goro, ga shayi safe da dare, ga lemon kwalba, ga ƙwayoyin kanti.

Abin Da Za A Yi

Na ɗaya, a rage sannu a hankali. Wadda ta saba da goro uku a rana, in ta bari gaba ɗaya, kanta zai yi ciwo, jiki ya mutu, har kwana biyu zuwa mako guda ko fiye. Ta koma biyu, sa'an nan guda, sa'an nan rabi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, a zaɓi guda. In an sha shayi kofi biyu, ranar ba goro. In an ci goro, shayi kofi guda ya isa, kuma kada ya yi baƙi.

Na uku, lemon ƙara kuzari a bar shi sam har a haihu.

Na huɗu, kada mai ciki ta sha ƙwayar kanti sai ta tambayi ungozoma ko malamin asibiti. Ciwon kai mai tsanani ga mai tsohon ciki, musamman in ƙafa da fuska sun kumbura ko ido yana gani dishi-dishi, ba na ƙwaya ba ne. Alamar hawan jini ce. A tafi asibiti ran nan.

Na biyar, in laulayi da tashin zuciya ne ke sa ta cin goro, ta gwada ɗan ruwan citta, ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. In ƙishi ne ko kwaɗayi, ga ruwa mai tsabta, ga kunun gyaɗa, ga koko, ga fura da dafaffen nono, ga lemon zaƙi. Waɗannan ba kafeyin a cikinsu, kuma suna gina jiki.

Na shida, bayan haihuwa a ci gaba da taka-tsantsan, domin kaɗan daga kafeyin ya kan bi nono. In uwa ta sha da yawa, jariri ya kan ƙi barci ya yi ta kuka.

Aikin Maigida Da Uwar Miji

Mun san al'adarmu. Yarinya mai cikin fari tana kunya, ba za ta iya cewa uwar miji "ba na ci" ba. Saboda haka maganar ta koma kan maigida. Ya sami mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, "Inna, a ajin karatu an ce yawan goro ba shi da kyau ga mai juna biyu. Ki taimake mu ki sa ido." Tsohuwar da ke jiran jika ba za ta ƙi ba. Mai ciki kuma in an miƙa mata goro a gidan biki, ta karɓa hannu biyu ta yi godiya, ta ƙulle a bakin zane ta kai wa wani. Ba ta raina kyauta ba, ba ta kuma cuci ɗanta ba.

Kuɗin da maigida ya saba kashewa a goron uwargida, ya sayo mata ƙwai, ko wake, ko lemo da shi. Ya kuma bar ta ta je awo tun ciki yana ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je sau takwas kafin haihuwa. Rigakafi ya fi magani.

Kowane ɗalibi ya tafi da wannan takarda gida, ya karanta wa iyalinsa da ƙarfi bayan sallar isha'i. Wadda ta iya karatu ta karanta wa kishiyarta da maƙwabciyarta.

Sababbin Kalmomi

kafeyin, miligiram, mabiyiya, hanta, sinadari

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa huɗu da ke da kafeyin.
2. Ta wace hanya kafeyin ke isa ga ɗan da ke ciki?
3. Me ya sa ya ke daɗewa a jikin mai tsohon ciki?
4. Miligiram nawa ne iyakar da mu ka riƙe?
5. Mace ta sha shayi kofi biyu, ta ci goro guda. Nawa ke nan? Da nawa ta wuce iyaka?

Rubutu

A kwafi wannan jimla sau uku: Abin da uwa ta ci, ɗanta ya ci.