Kafin ki zuba irin naman kaza

'Yar'uwa mai noman naman kaza a ɗaki a unguwar Dembe ta Njamena, abin da ya fi cinye jari shi ne koren fumfuna, kuma yawanci tun ranar shuka yake shiga leda.

Karan dawa ko ciyawar shinkafa da kika yayyanka, jiƙa su a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 80 na awa ɗaya. Sai ki tsane su: in kin matsa da hannu, ɗigo biyu ko uku kawai ya fito. Jiƙa fiye da haka na jawo tsami. Ƙwayar dawa da ake rainon iri a kanta kuwa, ruwan zafi bai ishe ta ba, sai tukunyar matsi, digiri 121, minti 90.

Ki bari karan ko ciyawar su huce ƙasa da digiri 30 kafin ki zuba iri. A zafin Afrilu na Njamena, aikin asuba ne. Rufe taga saboda ƙura, kashe fanka, goge hannu da tebur da sifirit mai kashi 70.

Ledar da ta yi kore, kada ki buɗe ta a ɗakin. Fitar da ita a ɗaure, ki binne nesa.